Ira Aldridge: Gwanin Daɓe ne, ko Tarihi ne Ya Tausaya Masa?

Duk shekara idan Oktoba ta kama, watan da Birtaniya ta keɓe don tunawa da tarihin baƙar fata, sunan Ira Aldridge yakan sake zagaya shafukan intanet. Labarin da ake haɗawa da hotonsa kusan guda ne: baƙin mutum na farko da ya fito a matsayin Othello, gwarzon wani wasan Shakespeare, a babban gidan wasa na Landan, ya fi kowa iyawa, Turawa masu wariya suka kore shi bayan dare biyu, sarakunan Turai kuma suka rataya masa lambobin yabo. Akwai gaskiya mai yawa a cikin wannan labari. Sai dai ya tsallake tambayar da manazarta tarihin wasan kwaikwayo suka shafe shekaru fiye da sittin suna ja-in-ja a kanta: shin mutumin nan gwani ne da gaske a kan dandamali, ko kuwa zaluncin da aka yi masa ne ya sa na baya suke ƙara masa maki? Kuma ta wace hanya za a auna wasan da babu mai rai a yau da ya gan shi?

Wane irin wasa ake magana a kai

Wasan daɓe shi ne wasan da ake yi ido da ido a gaban 'yan kallo, babu na'urar ɗauka, babu damar a tsaya a sake. A Turai akwai wani rukuni na wasanni da ake ɗauka a matsayin gadon adabi, kuma a ƙasar Ingila wasannin William Shakespeare ne a kan gaba. Ɗan wasan da ya ƙware a irin waɗannan, musamman masu ƙarewa da mutuwa da baƙin ciki, shi ne ake ba wa girma mafi girma a sana'ar. Ana auna shi da abubuwa sanannu: yadda yake furta baitocin, domin yawancin maganganun a waƙe aka rubuta su, da ƙarfin muryarsa a zauren da ke ɗaukar mutum dubu biyu ko uku ba tare da lasifika ba, da tsayuwarsa da motsin hannunsa, sannan da fahimtarsa ga halin mutumin da yake kwaikwaya.

Matsalar ita ce wasan daɓe yana mutuwa ne a daren da aka yi shi. Marubuci ya bar littafi, mai zane ya bar zane, ɗan daɓe kuwa bai bar komai ba sai abin da mutane suka ce sun gani. Aldridge ya rasu a 1867, shekara goma cif kafin Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877. Don haka abin da ya rage a hannun manazarta shi ne sharhin jaridu, da takardun talla na gidajen wasa, da wasiƙu, da littattafan tuna baya na waɗanda suka yi wasa tare da shi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to a nan babu gani, ji ne kawai, kuma kowane mai ba da labarin yana da abin da ya shigo da shi cikin zauren tun kafin a ɗaga labule.

Yaron New York da ya ce shi jikan sarkin Fulani ne

An haifi Ira Frederick Aldridge a birnin New York ranar 24 ga Yuli, 1807, iyayensa baƙaƙe ne 'yantattu, mahaifinsa mai wa'azi a coci. Ya yi karatu a makarantar African Free School, ya kuma fara taka dandamali da ƙungiyar African Grove, gidan wasan da baƙaƙen birnin suka kafa a 1821, wanda tsangwamar farar fata da 'yan sanda ba ta bar shi ya daɗe ba. Yana ɗan shekara 17 ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila.

A 1825 ya fito a gidan wasa na Coburg, wanda yau ake kira Old Vic, a cikin wani wasa na yariman Afirka da aka kama aka sayar. Jaridar The Times ta rubuta cewa saboda siffar leɓunansa ba zai taɓa iya furta Turanci yadda ya kamata ba. A lura da wannan jumla, domin ita ce samfurin matsalar gaba ɗaya: ta yi kama da sharhi a kan furuci, wato abin da ya halatta mai sharhi ya duba, amma dalilin da ta kafa ba daga kunne ya fito ba.

Daga nan ya shiga garuruwan lardi na Ingila da Scotland da Ireland, shekara da shekaru. A 1828 har ya riƙe ragamar gidan wasa na garin Coventry na ɗan lokaci. Takardun tallarsa suna kiransa Roscius na Afirka, wato suna jingina shi da shahararren ɗan wasan daular Rum ta da. Suna kuma cewa shi ɗan ƙasar Senegal ne, daga zuriyar wani sarkin Fulani da talakawansa suka kashe saboda ya nemi hana sayar da fursunonin yaƙi. Wani ɗan littafin tarihinsa da aka buga yana raye ya maimaita wannan labari dalla-dalla. Bincike ya tabbatar cewa ƙirƙira ce, a New York aka haife shi. Na san wannan zai ɗan sosa ran mai karatu na ƙasarmu da ya fara murnar samun ɗan'uwa, amma dalilin ƙirƙirar ya fi labarin kansa ban sha'awa. Baƙin Amurka a idon Baturen wancan zamani bawa ne ko ɗan bawa, abin dariya. Yariman Afirka kuwa abin zuwa kallo ne, a biya kuɗi. Aldridge ya karanci kasuwarsa ya ba ta abin da za ta saya, kuma masu shakkar gwanintarsa suna kafa hujja da wannan, suna cewa mutumin da ya iya talla haka, a yi hattara da yabon da ke cikin takardun da ya bari.

Dare biyu a Covent Garden

A lokacin, gidajen wasa biyu ne a Landan, Covent Garden da Drury Lane, ke da lasisin sarauta na nuna manyan wasanni duk tsawon kakar wasa, kuma haka abin ya kasance har aka sauya doka a 1843. Wanda bai yi nasara a ɗayansu ba, komai sunan da ya yi a lardi, ba a lissafa shi cikin manya.

Ranar 25 ga Maris, 1833, Edmund Kean, wanda ake ganin babu kamarsa a zamanin, yana wasan Othello a Covent Garden, ɗansa Charles yana fitowa a matsayin Iago. Giya da rashin lafiya sun riga sun cinye shi. A tsakiyar kashi na uku, jim kaɗan bayan jawabin da Othello yake ban kwana da rayuwar soja, ƙafafunsa suka gaza, ya faɗa jikin ɗansa yana ce masa mutuwa zai yi, ya yi wa jama'a magana a madadinsa. Aka ɗauke shi daga dandamali. Ya rasu a watan Mayu.

Makonni biyu da 'yan kwanaki bayan faɗuwar Kean, ranar 10 ga Afrilu, matashi ɗan shekara 25 ya hau wannan dandamali a wannan matsayi. Ga wanda bai san wasan ba: Othello baƙin kwamandan soja ne a birnin Venice, ya auri Desdemona 'yar wani babban mutum farar fata, sai na ƙasa da shi Iago ya yi ta zuba masa gubar zargi, da ɗan hankici a matsayin shaida, har ya kashe matar a kan gadonta, sannan ya gane ba ta da laifi ya kashe kansa. Shekara fiye da 200 Turawa ne ke shafa baƙi a fuska su yi wannan wasa. Shi kansa Kean ya rage baƙin, ya mai da Othello mai launin ƙasa-ƙasa, kuma manyan masana irin su Samuel Taylor Coleridge sun yi ta jayayya cewa ba zai yiwu Shakespeare yana nufin baƙin Afirka sosai ba. Yanzu ga baƙin Afirka sosai ya riƙo hannun Ellen Tree, matashiyar 'yar wasa da Landan ke ji da ita.

Tun kafin ya fito, wata jaridar barkwanci mai suna Figaro in London ta fara kamfen a kansa, tana alƙawarin za a kore shi daga dandamali. Bayan wasan, mujallar Athenaeum ta rubuta cewa abin ƙyama ne a bar irin wannan mutum yana tattaɓa mace kamar Ellen Tree. The Times ta soki lafazinsa, ta ce baƙo ne kuma na talakawa, amma a ƙarshen sharhin ta amsa cewa 'yan kallo sun karɓe shi hannu bibbiyu. Wasu jaridun sun yaba masa, wasu sun tsaya tsakiya, suna cewa yana da murya da natsuwa amma bai kai zurfin Kean ba. Ya sake fitowa ranar 12 ga wata, daga nan aka soke sauran ranakun. Ya tsallaka kogin Thames zuwa gidan wasa na Surrey, wanda ba ya cikin manya, sannan ya koma lardi. Sai da aka yi shekara 25 kafin wani babban gidan wasa na tsakiyar Landan ya sake buɗe masa ƙofa.

Inda masana suka rabu

Littafin farko mai nauyi a kan rayuwarsa ya fito ne a 1958, daga alƙalamin Herbert Marshall da Mildred Stock. Su ne suka tono shi daga mantuwa, kuma fassararsu ce ta zama labarin da kowa ya sani. Sun duba shekarar da abin ya faru. A 1833 ne majalisar Birtaniya take muhawara a kan dokar 'yanta bayi a yankunan da take mulka, dokar da aka sa wa hannu a watan Agusta, wadda ta tanadi fam miliyan 20 na diyya ga masu bayi, bayin kuwa ba su sami ko kwabo ba. Masu gonakin rake a tsibiran Karebiya suna da kuɗi da baki a Landan, kuma babbar hujjarsu ita ce baƙi ba shi da hankalin da zai riƙe kansa. Baƙin mutum da ke tsaye a Covent Garden yana rera baitocin Shakespeare ƙaryata wannan hujja ne a bainar jama'a. A wannan fassara, ruwa bai yi tsami banza ba: an yanke masa hukunci tun kafin ya buɗe baki, don haka sharhin jaridun ba shi da wata ƙima wajen auna wasansa.

Sai Bernth Lindfors ya zo. Ya koyar a Jami'ar Texas da ke Austin, kuma ɗaliban adabi a Nijeriya sun san sunansa saboda rubuce-rubucensa a kan marubutan ƙasar. Ya shafe shekaru yana bin ɗakunan ajiyar takardu daga Ingila har Rasha, ya fitar da tarihin Aldridge a juzu'i huɗu tsakanin 2011 da 2015. Lindfors bai musanta wariya ba, ya ma kawo shaidunta fiye da na gabansa. Abin da ya ƙara shi ne sauran abubuwan da ke faruwa a wannan mako. Annobar mura mai tsanani ta mamaye Landan a Afrilun 1833, mutane sun ƙaurace wa taruwa, 'yan wasa suna kwance, har aka rufe gidan na wasu kwanaki. Manajan gidan, Pierre Laporte, yana cikin asara, kuma kujerun da ba kowa a kansu sun fi sharhin jarida tsorata shi. Sannan idan aka tattara sharhin duka, ba a zaɓi munanan kawai ba, sai a ga ra'ayi ya rarrabu.

Wannan bambanci yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Idan duk wanda ya soki Aldridge ɗan wariya ne, to babu abin da za a koya daga sukar, sai a zubar da ita. Idan kuwa wasu daga cikin masu sukar sun yi adalci gwargwadon iyawarsu, to dole a saurari abin da suka ce: cewa yana tsallake wasu baitoci ko ya sauya kalmomi, cewa lafazinsa na Amurka yana fitowa, cewa a wuraren da ake jiran wuta sai ya yi sanyi. Waɗannan laifuffuka ne da ake samu ga matashin da ya koyi sana'a a ƙananan gidajen lardi, inda ake sauya wasa kowane dare ba tare da isasshen gwaji ba. Kuma ana kwatanta shi da Kean, mutumin da Coleridge ya ce kallonsa kamar karanta Shakespeare ne da hasken walƙiya, mutumin da yake kan gadon mutuwa a makon, zukatan masu sharhi cike da alhininsa. Ko Bature ne ya hau wannan dandamali a wannan mako, da ya ji jiki.

A ganina fassarar Lindfors ta fi kusa da gaskiya, amma da sharaɗi guda da ba na son a manta. Matashin Bature da ya yi wasa tsaka-tsaki a lokacin annoba, 'yan kallo kuma suka tafa masa, za a sake gwada shi bayan shekara ɗaya ko biyu. Mura ta bayyana dalilin soke wasa na uku. Ba ta bayyana shekara 25 na rufe ƙofa ba.

Lambobin yabon Turai: hujja ce ko ba hujja ba

A 1852 Aldridge ya tsallaka zuwa nahiyar Turai, ya fara daga Brussels ya shiga garuruwan Jamus. Abin da ya biyo baya ba shi da misali ga ɗan wasan Ingilishi na zamanin. Sarkin Prussia, babbar masarautar Jamusawa a lokacin, Frederick William na Huɗu, ya ba shi lambar zinariya ta fasaha da ilimi. Sarkin ƙaramar masarautar Saxe-Meiningen ya ba shi sarautar girmamawa. Ya yi wasa a Vienna da Pest da garuruwan Poland, a 1858 ya isa Saint Petersburg, daga baya ya ratsa lardunan Rasha masu nisa inda ba a taɓa nuna Shakespeare ba. A can ma ya riƙa shafa fari a fuska yana fitowa a matsayin Sarki Lear da Macbeth da Shylock, Turawan da ke cikin wasu wasannin Shakespeare.

Masu ganin gwani ne suna cewa magana ta ƙare: da zarar ya bar ƙasar da ke da gonakin bayi, kowa ya ga abin da Landan ta ƙi gani. Masu shakka suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Aldridge yana faɗin nasa kason da Turanci, sauran 'yan wasan suna ba shi amsa da Jamusanci ko harshen garin. Yawancin 'yan kallo ba sa jin abin da yake faɗa. To ta yaya wanda ba ya jin harshe zai yi hukunci a kan furuci da nauyin baiti, waɗanda su ne ainihin abin da Landan ta soka? Ƙari a kan haka, da yawa daga cikinsu ba su taɓa ganin baƙin mutum ba, sabon abu kuwa yana da nasa farin jini. Akwai kuma siyasa. A Rasha ana cikin muhawarar 'yanta talakawan da ke ɗaure da gonakin iyayen gijinsu, wadda ta kai ga dokar 1861. Mutanen Hungary da Poland suna ƙarƙashin mulkin wasu. Duk waɗannan sun ga kansu a jikin ɗan zuriyar bayi da ke kuka a kan dandamali. So hana ganin laifi.

Abotarsa da mawaƙin Ukraine Taras Shevchenko ta nuna zurfin wannan. Shevchenko an haife shi a cikin irin wancan ƙangi, abokai ne suka tara kuɗi suka fanshe shi, kuma bai daɗe da dawowa daga gudun hijirar dole ba lokacin da suka haɗu a Saint Petersburg. Ba su da harshe guda. Shevchenko ya zaunar da shi zai zana hotonsa, Aldridge ya gaji da zama sai ya fara rera waƙoƙin baƙaƙen Amurka, shi ma Shevchenko ya rera na ƙasarsa, wata yarinya 'yar gidan da suke haɗuwa tana yi musu tafinta. Zanen yana nan har yau. Shaida ce mai ƙarfi ta yadda mutumin yake shiga zukata, amma manazarci mai tsantseni ba zai ɗauki hawayen Shevchenko a matsayin ma'aunin fasaha ba.

Shaidar da na fi ba wa nauyi ta fito ne daga marubucin Faransa Théophile Gautier, wanda sharhin wasan kwaikwayo sana'arsa ce ta shekaru, ya kuma kalli Aldridge a Saint Petersburg. Gautier ya faɗi gaskiyar abin da ya je nema: ya zaci zai ga wasa mai zafi, mai hargowa, irin wanda shi Bature yake tsammani daga ɗan Afirka. Sai ya tarar da mutum mai natsuwa, mai auna kowane motsi, mai kwarjini, wanda ya tuna masa da William Macready, ɗan wasan Ingila da aka sani da tsari da kamewa. Darajar wannan shaida ita ce ta saɓa wa abin da mai bayar da ita ya zo da shi a ransa. Kuma ta yi daidai da abin da wasu jaridun Landan suka kira sanyi shekara 25 kafin nan. Abu guda suka gani, wato kamewa. Wani ya kira shi rauni, wani ya kira shi ƙwarewa.

Amma ko Gautier bai tsira ba. Ya ce Sarki Lear na Aldridge ya fi burge shi a kan Othello, domin a Lear wasa yake yi, a Othello kuwa kansa kawai yake nunawa. Wannan tunani ya cika sharhin masoyansa a Jamus da Rasha, cewa kishin Othello a jininsa yake, ba koya ya yi ba. Yabo ne a fuska, amma ƙasansa ƙwace ne, domin ya cire wa mutum shekara talatin na aiki ya miƙa wa launin fata. A nan ne na ga masu zagi da masu yabo sun haɗu a wuri guda ba tare da sun sani ba.

Batun Mungo

Akwai wani ɓangare da masoyansa na intanet ba sa ambata. A dare guda, bayan ya gama Othello, Aldridge yakan sauya kaya ya dawo a matsayin Mungo, wani bawa mashayi mai gurɓataccen Turanci a cikin wani ɗan wasan barkwanci, yana kaɗa garaya irin ta Turawa yana waƙa. Har waƙar da wani ɗan barkwancin Ingila, Charles Mathews, ya yi amfani da ita wajen yi wa 'yan wasa baƙaƙe ba'a, Aldridge ya ɗauka yana rerawa saboda 'yan kallo na nema. Wasu masana na ganin ya ciyar da jama'a irin abincin wariyar da suke so don ya cika aljihu. Wasu na ganin dabara ce: wanda ya ga mutum guda ya zama kwamanda mai kwarjini da ƙarfe takwas, ya zama wawa da ƙarfe goma, dole ya gane cewa duka biyun sana'a ce. Sun ƙara da cewa a daren ƙarshe a gari yakan tsaya ya yi wa 'yan kallo jawabi a kan muguntar bauta. Ga batun gwaninta dai, Mungo yana cikin hujjojin da ke goyon bayansa, domin hatta jaridun da ba su so Othello nasa ba sukan amsa cewa a barkwanci ba a kama ƙafarsa.

Abin da wadda ta tsaya kusa da shi ta gani

A 1865 ya yi Othello a gidan wasa na Haymarket a Landan, Desdemona kuwa wata yarinya ce 'yar shekara 17, wadda daga baya ta yi suna a matsayin Madge Kendal. A littafin tuna baya da ta rubuta da tsufanta, ta ba da labarin yadda yake tsara kashi na ƙarshe. Yakan sa ta saka takalma masu nuna yatsu don a ga kamar daga barci ta tashi, sannan ya fizgo ta daga kan gado ta gashi, ya ja ta a kan dandamali kafin ya kashe ta. Ta ce 'yan kallo sun yi masa ihun ƙin amincewa. Ta kuma tuna yadda yake ɗora farin hannunta a kan baƙin tafinsa ya dakata, don zauren ya ga bambancin, kuma ta siffanta shi da mutum mai ladabi da ilimi.

Wannan shaida ta rikita hoton mai sanyi da Gautier ya zana, kuma wasu masu sharhi a Rasha ma sun koka cewa zafinsa ya yi yawa. Hanyar da ta fi dacewa a haɗa su ita ce a tuna tsarin wasan kansa. Ɗan wasan da ya kame kansa a kashi na farko da na biyu, ya tara ƙarfi, sannan ya sake shi a ƙarshe, zai bar wani ɗan kallo da tunanin natsuwa, wani da tunanin tashin hankali. Takalman da hannun da aka ɗora a kan hannu suna nuna mutumin da yake zama ya lissafa abin da ido zai gani daga kujerar ƙarshe. Wannan aikin mai sana'a ne.

Me ya shafi mai karatu

Hukuncina, bayan duk wannan, shi ne Aldridge na 1833 matashi ne mai baiwa da bai gama nuna ba, Aldridge na 1858 kuwa babban gwani ne, kuma yawancin jayayyar ta samo asali ne daga haɗa mutanen nan biyu a matsayin guda. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ba ta cikin jarida. Shekara 42 ya yi yana cin abinci da daɓe, yana komawa garuruwa guda sau biyu, sau uku, ana sake cika masa zaure. Sabon abu yana jan mutane sau ɗaya. Manajan gidan wasa a Hull ko Belfast ko Kazan ba ya sake gayyatar mutum don tausayi.

Wanda ke raba labarinsa a intanet ya kamata ya san cewa faɗin "ya fi kowa" ba ta ƙara masa komai, tana ma ba mai shakka ƙofar rushe labarin duka da zarar ya gano zancen Senegal ko zancen mura. Ga masu nazarin wasan kwaikwayo a jami'o'inmu kuma, darasin aiki ne kai tsaye. Wasan daɓe na Hausa da aka yi a makarantu da zaurukan gari a Kano da Zariya da Kaduna da Damagaram kafin zuwan bidiyo yana cikin irin wannan hali, ko ma mafi tsanani, domin Aldridge aƙalla ya bar dubban takardun talla da sharhi a harsuna da yawa. Namu 'yan daɓen na da, shaidarsu tana bakin tsofaffin da suka kalle su, kuma tambayar da ta kamata a yi wa tsoho ita ce me ɗan wasan ya yi da hannunsa da muryarsa a wuri kaza, domin "ai gwani ne" ba ta ba manazarcin gobe abin da zai auna.

Aldridge ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1863. Ya rasu ranar 7 ga Agusta, 1867, a garin Łódź na Poland, yana shirin wasa, kuma a can aka binne shi. A lokacin ana tsara masa tafiya zuwa Amurka, inda yaƙin basasa ya kawo ƙarshen bauta shekara biyu kafin nan, ƙasar da ba ta sake ganinsa a dandamali ba tun yana ɗan shekara 17. Ya bar 'ya mace jaririya mai suna Amanda, wadda ta girma ta zama malamar waƙa da furuci a Landan. A 1930, lokacin da Paul Robeson, baƙin mawaƙi kuma ɗan wasa na Amurka, yake shirin fitowa a matsayin Othello a gidan wasa na Savoy, wurinta ya je ta gyara masa lafazi.